Inna Ta Ƙi Zuwa Gwaji

Tsamiyar Uba,
Ta Bunkure,
Jihar Kano.
16 ga Fabrairu, 2004.

Zuwa ga ƙanwata Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigidanki Alhaji Yusuf da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Matata Saude tana gaishe ki. Ɗanbaba direba zan ba wannan takarda, gobe zai ɗauki tumatir zuwa Ibadan, ya ce zai ajiye ta a shagon maigidanki.

Bari in fara da mai daɗin. An sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar matan aure, Lahadi 18 ga Afrilu, bayan an gama yankan alkama. Sunan Inna yana cikin masu sauka, kuma ita ce babbarsu. Kin san tun bayan rasuwar Baba take saɓa jakarta tana tafiya, ko damina ko rani.

Sai kuma abin da ya sa na rubuto. Inna ta daina zuwa makaranta, kuma ina zargin ni na jawo.

Ga yadda aka yi. Musaddiƙ, ɗan Malam Dattijo mai makarantar, ya dawo daga karatu a Kano, shi aka ba tsara bikin. Ya ce ba ya son irin na bara, da mata suka rikice wajen fitowa har wata ta karɓi allon wata. Saboda haka duk Asabar za a riƙa yin abin da ya kira rihazal. Kowace mai sauka za ta tashi, ta taka zuwa gaba, ta karɓi allonta na zayyana, ta karanta, ta koma, kamar dai ranar ce ta zo. Da yake ni ne sakataren kwamiti, sai aka ce in rubuta sanarwa, Malama Kubra ta karanta wa matan.

A nan na maƙale. Rihazal dai ba zan rubuta ba, don Inna da sa'o'inta za su zaci sunan magani ne. Na rubuta atisaye na soke, wannan na sojoji ne. Na rubuta bita, sai na ga bita a zaune ake yin ta, maimaita darasi ce, babu tashi babu tafiya. Tilawa kuwa karatun ne kaɗai, ba ta haɗa da karɓar allo ba. A ƙarshe na tsaya a kan gwaji, don haka muke cewa a ƙungiyar wasan kwaikwayo lokacin da nake sakandare, kuma ko mai lasifika idan ya ɗaura kayansa, “gwaji, gwaji” yake cewa kafin a fara wa'azi. Na rubuta: “Za a fara gwaji ranar Asabar, kowace mai sauka ta zo.”

Tun ranar da aka karanta musu Inna ta rataye jakarta a ƙusa, ba ta sake taɓa ta ba. Saude ta tambaye ta, ta ce ƙafa ce take damun ta. Amma ƙafar ba ta hana ta bin maƙwabta zuwa barka har unguwar gabas ba.

Abin da nake tsammani shi ne ta ɗauka jarrabawa ake nufi, wato za a tsayar da ita gaban 'ya'yan cikinta a ga ko ta iya. Da bita na rubuta, wataƙila da yanzu tana can. Musaddiƙ kuma ya ce duk wadda ba ta zo gwaji ba za a cire sunanta.

Kin san ba zan iya tunkarar ta ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba, magana ma sai ta bi ta bakin Saude ko da ina tsaye a wurin. Ke ce auta, ke kike hawa gadonta ku yi ta hira. Ki ba ni shawara, ko ki rubuto mata Saude ta karanta mata.

Ki gai da Alhaji da yara. Ku huta lafiya.

Yayanki,
Hambali Uba.

*

Sabo, Ibadan.
25 ga Fabrairu, 2004.

Yaya Hambali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai zafi da kewar gida. Ɗanbaba ya kawo takarda tana warin tumatir, har da ɗan guntun kwando na tsaraba, mun gode. Amma ka gaya masa na ƙasan duk sun fashe, miya muka yi da su tun a ranar.

Yaya, wallahi na yi dariya har Alhaji ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Wato yini guda ka zauna kana juya kalmomi kamar mai zaɓen goro, don sanarwar layi ɗaya! Na tabbata har a littafin nan naka da kake rubuta yaushe aka saki ruwa, yaushe akuya ta haihu, ka rubuta cewa ka soke atisaye. Da ka bar shi ma, ina son in ga Inna da ƙawarta Hajiya Umma suna fareti. Nan yarana firaktis suke cewa, kuma ba wanda ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda haka.

To amma maganar gaskiya, Innar da na sani ba ta tsoron jarrabawa. Matar da ta bi ɓarawon albasa da muciya har bakin kanal, ita ce za ta gudu don Musaddiƙ, wanda aka raɗa wa suna tana wurin? Idan canza kalmar zai kwantar maka da hankali, ka canza. Ba na jin zai yi amfani.

Ba zan rubuta mata ba, ina da dalili. Kai dai ka ɗan rage kallon takarda, ka riƙa kallon Inna. Ka dube ta da safe tana alwala, ka dube ta tana tsintar shinkafa. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, kada ka matsa mini.

Shi kuma Musaddiƙ ka ce masa in ji ni, idan ya cire sunan uwata, ranar da na zo sai ya yi rihazal ɗin gudu.

A gaishe mini da Inna da kyau, da Yaya Saude da yara. Sai na ji daga gare ka.

Taka,
Mansura.

*

Tsamiyar Uba,
8 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na sami amsarki, na kuma karanta ta ya fi sau ɗaya. Na isar da saƙon tumatir ga Ɗanbaba, ya ce hanya ce ba shi ba. Na Musaddiƙ ban isar ba, amma na roƙe shi ya dakata da cire suna, ya kuma yarda.

Na canza sanarwar duk da haka. Na mayar da ita bita, Malama Kubra ta sake karantawa. Sannan na tura Saude ta yi wa Inna bayani, ni kuma na tsaya a bayan katangar madafi ina ji. Saude ta ce mata ba jarrabawa ba ce, ba mai ci ba mai faɗuwa, sabawa ce kawai don kada a rikice ranar taro.

Inna ta ce, “Ki gaya wa mijinki na san gwaji tun kafin a yanke masa cibiya. Tela yana gwaji, likita yana gwaji, malaman gona ma suna da gonar gwaji. Duk inda kika ji an ce gwaji, abin da yake ɓoye ake so ya fito. Ya sa masa sunan da ya ga dama.”

Saude ta ce, “Haba Inna, Fatiha ce fa da farkon Baƙara a jikin allon. Ko cikin barci aka tashe ki za ki kawo su.”

Ta ce, “Ai shi ya sa. Ba zan riƙe allo ina kwaikwayon karatu ba.”

Ban gane wannan magana ba a lokacin. Na tafi gona ina ta juya ta, har na manta tiyo a cikin kanal ruwa ya cika mini fangalin albasa ya yi ambaliya.

Daga nan na bi shawararki. Na ga da safe ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, sai da ta laluba gefe kafin ta same ta. Na ga tana tsintar shinkafa a faifai fuskarta tana kallon sama, yatsunta ne kawai suke aiki. Na ce wa kaina ƙwarewa ce, tsofaffi haka suke. Kin san halina, ba na son yanke hukunci da wuri.

Sai ranar Alhamis. Na dawo daga gona da azahar, maƙogwarona ya bushe, na shiga gida ban yi sallama da ƙarfi ba. Tana zaune a gindin darbejiya, rana tana bayana. Ta ɗago kai ta dube ni sosai, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yaro. Ta ce, “Maraba, sannu da rana. Wane ne?”

Mansura, ban fi taku kaɗan da ita ba.

Na ce, “Ni ne, Inna.” Sai ta yi sauri ta kawar da kai, ta ja mayafi, ta hau kiran Saude wai kaji sun shiga ɗaki. Babu kaza ko ɗaya a wajen.

Na shiga ɗakina na zauna. Abin da ya fi damuna shi ne, da ta ce maraba ɗin nan, daɗi na ji kafin in gane dalili.

Yanzu ina tambayar ki kai tsaye, kuma kin ce kada in matsa miki, amma ki yi haƙuri. Inna tana gani ko ba ta gani? Tun yaushe? Wa ya sani? Gida ɗaya muke kwana muke tashi, idan akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba, gara in sani.

Ina jiran amsa da motar da ta fara tasowa. Ki gai da mutan gida.

Yayanki,
Hambali.

*

Sabo, Ibadan.
17 ga Maris, 2004.

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta takardarka na shiga ɗaki na sha kuka. Tunda ka gani da idonka, ina ganin alkawarin da na ɗauka ya sauka daga wuyana. Idan da laifi, Allah Ya yafe mini.

Ka tuna zuwan da na yi bara da ƙaramar salla, da muka ce za mu Kano gaishe da Gwaggo? Asibitin ido na kai ta. Ita ta roƙe ni, ta ce rubutu yana yi mata hazo. Suka yi mata gwaji, suka nuna mata manyan alamu a bango tana cewa ba ta gani, mutane cike da benci suna kallo. Likita ya ce yana ce ta rufe idon dama, na hagu ma ta kama. Ya ce aiki ne ƙarami, mutane da yawa suna warkewa. Ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido. A mota ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, musamman kai. Ta ce, “Yayanku ba ya iya ajiye damuwa, zai daina cin abinci.”

Ka ga ba don ba ta damu da kai ba ne ta ɓoye.

Sauran kuma a hanya ta gaya mini. Daga ƙasa suka faro karatu, duk ta bi da idonta da yatsanta har suka kusa kaiwa sama. Da suka zo surorin ƙarshe, Ali Imrana da Baƙara, ba ta ganin baƙi ko ɗaya. Sai ta riƙa buɗe Alƙur'ani a cinya, tana sauraron Malama, tana mayarwa da baki. Idan ta dawo gida ta yi ta maimaitawa. Ba wanda ya lura, don ba ta kuskure. Amma ita a ranta gani take ba ta sauke ba, satar hanya ta yi. Shi ya sa take cewa kwaikwayo. Ka san ta, ko mudu ba ta yarda a cika mata shi da ƙaiƙayi a ƙasa.

Don haka ka daina dukan kanka a kan kalma. Ko sunan zuma ka sa wa abin, da ba ta je ba.

Ga abin da nake so, kuma na san zai yi maka nauyi. Kada ka tura Yaya Saude. Ka shiga da kanka ka zauna ka yi mata magana. Kunyar ɗan fari ba farilla ba ce, Yaya. Kun shekara arba'in kuna magana ta bayan katanga, ya isa haka. Ni ina nesa, kai ne a kusa.

Allah Ya ba ka sa'a. Ka gaishe ta, amma kada ka ce daga ni, sai ta huce.

Ƙanwarka,
Mansura.

*

Tsamiyar Uba,
29 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. An fara yankan alkama, tamu ta yi kyau, alhamdu lillahi. Zan ba ki labari bi da bi yadda ya faru.

Da farko na je wurin Malam Dattijo, don ban ga amfanin in shiga wurin Inna hannu rabbana ba. Na same shi a gonarsa yana cirar albasa. Ban ambaci suna ba, na ce wata ce idonta ya mutu kafin ta ƙarasa, ta ƙarasa da kunne, shin ta sauke? Ya miƙe yana karkaɗe hannu ya ce, “Hambali, Wanda aka saukar wa Littafin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da me ya karɓa? Ai da ji ne. Duk wanda ya karɓa daga bakin malami ya mayar daidai, ya karanta. Allo ado ne na biki. Ka gaya wa mahaifiyarka Kulu saukarta ta yi.” Na ce ban ce ita ba ce. Ya ce, “Ni ma ban ce ka ce ba.”

Na dawo gida na roƙi Saude ta raka ni ko bakin ƙofa ne. Ta ce wannan saƙo ya fi ƙarfin bakinta, ta ɗauki tulu ta fice.

Bayan la'asar na yi sallama a ƙofar ɗakin Inna, na tuɓe takalmi, na zauna a dokin ƙofa. Tana kan sallaya da carbi. Duk abin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, “Inna, Mansura ta gaya mini.”

Sai ta juya wajen bango ta ce, “Auta dai cikinta ba ya riƙe magana.”

Na gaya mata abin da Malam ya ce, kalma da kalma. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce wa bango, “Shi ya faɗa da bakinsa?” Na ce da bakinsa. Na ce ba sai ta riƙe allo ba, ta tsaya hannu sake ta karanta abin da yake kanta, wannan ba kwaikwayo ba ne.

Ta ce, “Sai kowa ya tambaya ina allon tsohuwa. Sai a ce makauniya ce.”

A nan ne na yi wata magana da ban shirya ba, kuma har yanzu ban sani ba ko daidai na yi. Na ce, “Inna, kin ce gwaji abin da yake ɓoye yake fitarwa. Gaskiya ne. Amma kin san idan mun gama gyaran fangali ba ma shuka sai mun saki ruwa a kan ƙasar tukuna. Muna yi ne don mu ga inda kunyar da ta kewaye fangalin za ta ɓalle, mu toshe tun babu iri a ciki. Ba wanda yake zuwa kallo ran nan, sai masu gonar. To ni abin da na nufa da gwaji ke nan. Ranar Asabar ba kowa sai matan da kuka shekara kuna zama tabarma ɗaya. Idan abin zai fito, gara ya fito a gabansu, kafin ranar da gari zai taru.”

Ta ce, “Kunyar gona da ƙasa ake toshe ta. Tawa fa, da me?”

Ban sami amsa ba, Mansura. Na zauna kawai. Da a takarda ne da wataƙila na samo, amma a baki na rasa. Muka yi shiru tare har aka fara kiran magariba. Da na tashi zan tafi sai ta ce, har yanzu bango take kallo, “A riƙa cin abinci.”

Asabar ɗin da ta wuce ba ta je ba. Jakar tana nan a ƙusa. Sai dai Saude ta ce ta ji ta tana karanta farkon Baƙara da ɗan ƙarfi lokacin da take zaton ba kowa a gidan. Ban san yadda zan fassara wannan ba, ba na kuma son in sa rai da yawa. Musaddiƙ ya ce Asabar 10 ga Afrilu ce ta ƙarshe, daga ita sai buga sunaye.

Maganar aikin ido ban taɓo ta ba. Na ga kada in haɗa mata biyu.

Ki taya mu da addu'a. A gai da Alhaji.

Yayanki,
Hambali.

*

Sabo, Ibadan.
5 ga Afrilu, 2004.

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi daidai, kuma kada ka zauna kana sake auna maganar. Shirun da kuka yi tare ya fi amsar da ka rasa.

Alhaji ya ba ni izini, zan taso in iso ranar Juma'a kafin walima. Na ɗinka mata farin hijabi da atamfa. Ko ta fito ko ba ta fito ba, ni dai zan yi mata waina in raba wa unguwa, don a wurina ta sauke. Idan za ta zage ni a kan tona asiri, ta zage ni ina kusa, ya fi daɗi.

Ka ci abinci, an ce.

Mansura.

*

Tsamiyar Uba,
11 ga Afrilu, 2004.

Mansura,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutu, mota tana lodi. Ina fata ta same ki kafin ki taso.

Jiya Inna ta je. Ba ta gaya wa kowa ba, sai gani Saude ta yi ta sa hijabi, ta bi ta a baya. Da aka kira sunanta ta tashi, Musaddiƙ ya miƙo allo. Ta ce, “Riƙe abinka, ɗan nan, ba na ganin sa.” Ta juya wajen matan ta ce idonta ya tafi tun bara, da kunne ta ƙarasa, wadda take da magana ta yi yanzu. Ba wadda ta yi magana. Sai ta karanta. Saude ta ce muryarta ta yi rawa a Fatiha, amma da ta shiga Baƙara ta miƙe. Malama Kubra sai hawaye take.

Da suka dawo ina tsakar gida. Inna ta ce, “Saude, ki gaya wa mijinki ranar walima akwai wayoyin lasifika a ƙasa, ga mutane. Ba na so in faɗi a gaban gari. Shi zai riƙe ni ya kai ni gaba.” Saude ta ce ga shi nan ai yana ji. Ta ce, “Na sani. Ya zo a gwada, kada ya rikice.”

Muka mayar da turmi ya zama lasifika. Na kama hannunta daga ƙofar ɗaki. Ban san haka ya ƙanƙance ba. Na riƙa takawa a hankali ina lura da kowane dutse, sai ta tsaya ta ce, “Saude, ki ce masa ba ƙwai ya ɗauko ba, ya ɗaga ƙafa.”

Mun kai turmi mun dawo. Ta ce bai yi ba, a sake. Yau ma da safe mun yi, ta ce da saura, gobe ma za a yi. Ni dai a ganina tun na farko ya yi daidai, amma ban faɗa ba.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Hambali.